Yadda za ka gane ɗan damfara mai yin sojan gona da sunan hukuma a waya ko imel

Ina da shagon POS da cajin waya a Agege, kuma a wannan sana'a ido yakan ga abin da ba ya so. Da wuya wata ya wuce ban ga mutum ya zo a gigice ba, waya manne a kunne, yana miƙo min takarda mai lambar asusu yana cewa in tura yanzu-yanzu. Wanda ya fi tsaya min a rai wani dattijo ne mai kawo albasa kasuwar Mile 12. An kira shi da Hausa tsantsa, aka ambaci sunansa da na mahaifinsa, aka ce daga EFCC ne, wai kuɗin masu garkuwa da mutane sun ratsa ta asusunsa, in bai biya dubu 150 an share sunansa kafin la'asar ba, mota tana hanya. Na ce, "Baba, ba ni wayar." Ina cewa salamu alaikum, wa ke magana, aka kashe. Baba ya zauna a kan benci ya daɗe bai ce uffan ba.

Shi Allah ya tsare shi. Waɗanda suka zo bayan kuɗin ya riga ya fita sun fi yawa, kuma saboda su nake wannan rubutu. Abin da na koya daga raka mutane banki da caji ofis shi ne ba lallai sai ka iya gane maƙaryaci daga muryarsa ba. Sun fi ka iya magana, aikinsu ke nan tun safe har dare. Abin da ake so ka saba da shi shi ne katse zancen, ka bi hanyar da kai ka sani ka tambaya.

Kayan da za ka tanada tun kafin a kira ka

Ƙaramin littafi da biro, ka ajiye a gida ko a shago, kada ya zama cikin wayar kaɗai, don ranar da aka sace wayar lambobin sun tafi da ita. A ciki ka rubuta:

- Lambar kula da abokan hulɗa ta bankinka. Tana jikin bayan katinka na cirar kuɗi. Daga can za ka kwafa, kada ka nemo ta a Facebook ko a Google, domin akwai shafukan bogi masu ɗauke da tambarin banki.
- Lambar gaggawa ta rufe asusu. Yawancin bankuna suna da ita, kuma ana iya dannawa daga kowace waya. Misali Access *901*911#, Zenith *966*911#. Ka shiga bankinka ka tambayi tasu, ka rubuta.
- 112 da 767, layukan gaggawa na Jihar Legas.
- 622, layin ƙorafi na hukumar sadarwa NCC, kyauta ne.
- Lambar mutum ɗaya mai natsuwa da za ka kira kafin ka tura kuɗi: ɗanka mai karatu, shugaban ƙungiyarku ta kasuwa, limamin masallacinku, ko wani daga fadar Sarkin Hausawan unguwarku.

In ba ka karatun boko, wannan mutum na ƙarshe shi ne babban kayan aikinka. Ka zaɓe shi tun yanzu, ka gaya masa ka zaɓe shi. Amma ko shi kada ka ba shi lambar sirrinka.

Mataki na 1: Ka san abin da ba a tambaya

Abubuwa huɗu ne babu ma'aikacin gaskiya da zai nema a waya, ko na banki ne, ko na babban bankin ƙasa CBN, ko ɗan sanda. Lambar sirri ta kati ko ta tura kuɗi, wato PIN. Lambar da ake turowa ta tes mai aiki sau ɗaya, OTP. Lambobin gaban katinka tare da ranar ƙarewarsa da lambobi uku na bayansa. Sai kalmar sirrin shiga manhajar banki ko imel. Ka ƙara da lambobi shida da WhatsApp ke turowa. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, zance ya ƙare, ko da muryar limamin Makka ya zo.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen BVN da NIN. Mai kiran zai karanto maka lambobi 11 na BVN ɗinka daidai, ya faɗi ranar haihuwarka, sai ka ce ai lallai daga banki ne. Ka tuna tun 2014 da aka fara BVN, a wurare nawa ka rubuta ta? Fom ɗin neman tallafi, manhajar bashi, wajen rajistar layi, takardar da aka kwafa a shagon hoto aka bar saura a kwandon shara. Sanin bayananka ba ya nuna komai sai cewa sun yi yawo. Da abin da ke hannunsa ya isa ya kwashe kuɗin, da bai ɓata katinsa ya kira ka ba. Ya kira ne don akwai abu guda da ya rage masa, kuma a bakinka yake.

Sannan CBN ba ya riƙe asusun ɗaiɗaikun mutane, bankuna yake kulawa da su. Wanda ya ce daga CBN yake kira zai gyara maka asusu, ƙarya yake tun daga sallama.

Mataki na 2: Ka saurari salon maganar

Labarin yana canzawa, salon ba ya canzawa. Da farko tsoro ko kwaɗayi. Na biyu gaggawa, yau ɗin nan, cikin awa ɗaya. Na uku sirri, kada ka gaya wa kowa don bincike ake yi, kada ka kashe waya. Na huɗu kuɗi ko lamba. In uku daga cikin waɗannan suka haɗu a kira ɗaya, ka riga ka san da wa kake magana.

Ga waɗanda na fi gani a tsakanin mutanenmu a nan Ikko. Na rufe layi: tun Disamba 2020 da aka ce a haɗa NIN da layin waya, kuma aka rufe layukan mutane da gaske, wannan ƙarya ta samu gindin zama. Na an kama ɗan'uwanka: a kira ka a ce ƙanenka mai acaɓa yana hannu, an kama shi da mashin a inda aka hana, ka turo kuɗin beli kafin a kai shi kotu. Tunda a Yunin 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, kuma kame na faruwa, mutum ba ya ko shakka. Wani lokaci har su sa wani ya yi kuka daga nesa. Akwai na ƙunshin kaya da sunanka wai hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA ta samu ƙwaya a ciki. Akwai na 'yan canji da masu POS, wai kuɗin sata ya shigo asusunka.

Na kwaɗayi kuwa sarkinsu gwanjon Kwastam. Hoton mutum da kaki a WhatsApp, hotunan motoci wai a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ko iyakar Seme, Hilux a farashin mashin, buhun shinkafa a rabin kuɗi, sai ka biya kuɗin fom da na fitar da kaya. Kwastam na yin gwanjo, amma ta shafinta na intanet, ba jami'in da ke sayar da kayan gwamnati ta asusunsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka kujerar Hajji mai rahusa wai daga hukumar alhazai NAHCON, haka ɗaukar aikin soja ko na shige da fice da za a saya maka gurbi, haka tallafin gwamnati da sai ka biya kuɗin rajista.

Abu ɗaya da ke ci min rai: a da in an kira da Turanci ko Yarbanci mutanenmu kan yi ɗari-ɗari. Yanzu da Hausa ake kira, da sallama, da "Alhaji ina wuni", da "wallahi don kai ɗan'uwa ne nake son in taimake ka kafin fayil ya kai wajen oga". Baƙo a garin mutane in ya ji harshensa a bakin hukuma sai jikinsa ya saki. Sun san haka sarai.

Mataki na 3: Ka katse, ka kira da kanka

Wannan shi ne matakin da in ka riƙe shi kaɗai ma ya wadatar. Ka ce, "Yallaɓai, faɗa min sunanka da muƙaminka da ofishin da kake, zan zo da kaina." Ka rubuta abin da ya faɗa, ka kashe. Ba rashin ladabi ba ne, kuma babu dokar da ta ce laifi ne ka kashe waya. Kada ka tsaya gardama ko zagi, kada ka tsaya nuna masa ka gane shi. Duk minti ɗaya da ka ƙara a kan layi dama ce ka ba shi.

Daga nan ka buɗe littafinka ka kira lambar da kai ka rubuta. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a sake kiran lambar da ta kira, ko wadda ya bayar ya ce ta ogansa ce. Ogan abokin aikinsa ne, wataƙila a ɗaki ɗaya suke zaune. Kuskure na biyu shi ne yarda da sunan da ya fito a fuskar waya. Manhajar Truecaller mai nuna sunan mai kira tana ɗauko suna ne daga yadda mutane suka adana lamba, kowa na iya sa wa layinsa sunan hukuma. Saƙon tes ma ana iya turo shi da sunan banki a sama, har wani lokaci ya faɗo cikin jerin saƙonnin gaskiya.

In an ce an kama wani naka, ka kira shi. In wayarsa a kashe take, ka kira abokin kwanansa ko shugaban tasharsu. In har yanzu ba labari, ka tambayi sunan caji ofis ɗin ka tafi da mutum biyu. Zuwa da kai ya fi saƙo. Beli a wajen 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, don haka barazanar za a zo a ɗauki matarka ko ɗanka in ba ka biya ba, ba ta da tushe.

Yana yiwuwa kiran ya zama na gaskiya, don 'yan sanda sukan kira mutum su gayyace shi. Gayyatar gaskiya tana da ofishi da aka sani, kamar Panti a Yaba, ko Alagbon, ko ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi. Ka nemi takardar gayyata, ka je da rana, da lauya in da hali, in babu da wani babba, ka kuma sanar da gida inda ka nufa. Wanda ya ce ku haɗu a otal, ko gidan mai, ko ƙarƙashin gada, kada ka je ko da rakiya. Wannan ya wuce damfara, yana iya zama tarkon sace mutum.

In ba ka da kati a waya, ka ari ta maƙwabci. In dare ne banki a rufe, ka danna lambar rufe asusu ka kwanta. Buɗe shi gobe wahalar layi ce kawai.

Mataki na 4: Ka duba inda kuɗin zai sauka

Kafin tiransifa ta tafi, sunan mai asusu yana fitowa. Ka karanta shi, ko ka ce mai POS ya karanta maka da ƙarfi. In sunan mutum ne, ba kuɗin gwamnati ba ne, ko da an ce maka shi ne akawun ofis. Tun 2015 kuɗin gwamnatin tarayya asusun bai-ɗaya yake shiga, ana ba ka lambar biya da rasit. Na Jihar Legas ma, haraji ne ko tarar hanya, yana da takardar biya da lambarta. In ka samu tes cewa kyamara ta ɗauki motarka an ci ka tara, irin wannan yana faruwa da gaske a Legas, shi ya sa na bogi ke cin kasuwa. Kada ka biya ta cikin saƙon, ka kai lambar motarka ofishinsu a duba.

Babu hukumar da ke karɓar katin waya, ko kuɗin kirifto, ko ta ce ka kwashe kuɗinka ka mayar wani asusu wai don a tsare maka shi.

Ga 'yan'uwana masu POS: in ka ga abokin ciniki yana waya yana rawar jiki, yana kwafo lambar asusu daga bakin wani, ka tsaya ka tambaye shi ko ya san mai asusun. Cajin naira ɗari biyu bai kai haƙƙin da za ka ɗauka ba.

Mataki na 5: Imel da saƙon da ke ɗauke da linki

Tambari da hatimi da sa hannu ba su da wuyar kwafa, kada su ruɗe ka. Ka danna kan sunan wanda ya aiko, cikakken adireshin zai fito, ka duba abin da ya biyo bayan alamar @. Hukumomin gwamnatin Najeriya adireshinsu yana ƙarewa da .gov.ng, kamar efcc.gov.ng, cbn.gov.ng, nimc.gov.ng, customs.gov.ng. Na soja .mil.ng. Takardar sammaci da ta fito daga Gmail ko Yahoo, ka san matsayinta.

Wayonsu a nan shi ne su sa sunan hukumar a farko, su ɓoye nasu a ƙarshe. Ka karanta adireshin har zuwa inda alamar / ta farko take bayan https://, abin da ke dab da ita shi ne ainihin mai gidan. In ka ga cbn.gov.ng sannan aka ɗora wasu kalmomi aka ƙare da .com ko .xyz, ba na CBN ba ne. Haka in an sa karan ɗori (-) a maimakon ɗigo, ko an musanya harafi ɗaya. A waya, ka danne linkin ka riƙe ba tare da ka saki da wuri ba, zai nuna maka inda zai kai ka. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, shafukan bogi ma suna da ita.

A da mukan ce a duba kuskuren Turanci. Yanzu na'ura ke rubuta musu, tsaf kamar daga ofis, don haka wannan ma'auni ya yi rauni. Adireshin gaskiya ma ba ya wanke saƙo ɗari bisa ɗari. Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka shiga ta linkin da aka turo maka sam. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ko ka rubuta adireshin hukumar da hannunka. In da gaske akwai matsala za ka tarar da ita a can.

Kada ka buɗe fayil ɗin da ba ka nema ba, musamman wanda ya ƙare da .apk. Manhaja ce, in ta zauna a wayarka tana iya karanta saƙonninka har da OTP. Haka wanda ya ce ka sauke wata manhaja don ya taimake ka daga nesa, wayar ce kake miƙa masa.

Mataki na 6: Ka toshe ƙofofin da suka rage

Ka sa wa layinka lambar sirri ta SIM a cikin saitin waya, don in an sace wayar kada a cire layin a sa a wata a shiga asusunka. A kula: in ka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, don haka kada ka yi ta cinke. In ba ka san ta asali ba, ka je ofishin kamfanin layin.

Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. Yawancin saƙonnin "turo min dubu ashirin zan mayar gobe" da ke yawo a zaurukan 'yan gari ɗaya daga rashin wannan suke. Kada ka danna wata lamba da baƙo ya karanto maka, musamman mai farawa da *21* ko **21*, tana karkatar da kiranka ne zuwa wayarsa. In ka riga ka danna, ##002# zai soke. Ka tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla. In layinka ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kusa da kai suna da shi, ka rufe asusunka tukuna, sannan ka nufi ofishin layin da katin shaidarka, don yana iya zama an yi maka canjin layi ne.

Ni shawarata ga ɗan kasuwa ita ce ya raba ƙafa. Asusun jari daban, ba kati a aljihu, ba a haɗa shi da lambar da kowa ya sani. Na cefane daban da ɗan abin da ba zai karya ka ba.

Mataki na 7: In an riga an ci ka

A nan kunya ce ke kashe mu. Na ga babban mutum ya kwana uku bai faɗa wa kowa ba don kada yaransa na kasuwa su ji, kafin ya zo kuɗin ya ratsa asusu nawa. Mintunan farko su ne masu daraja, don da zarar kuɗin ya sauka suke rarraba shi.

Ka rufe asusun da katin nan take. Ka kira banki ko ka shiga reshe mafi kusa, ba sai wanda ka buɗe asusu a ciki ba, ka ce damfara ce, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya je a riƙe shi. Ka tafi da rasit, domin akwai doguwar lamba mai lambobi 30 a jikinsa da ake bin sawun tiransifa da ita. Ka karɓi lambar ƙorafinka a rubuce. Kada ka goge komai don haushi: lambar da ta kira, lokacin kiran, saƙonni, sunan mai asusu, ka ɗauki hoton duka.

Sannan ka kai rahoto caji ofis mafi kusa ka karɓi takarda, don banki yakan nemi rahoton 'yan sanda, sau da yawa har da umarnin kotu, kafin a dawo da kuɗin da aka riƙe. In kuɗin mai yawa ne, akwai sashen 'yan sanda na musamman kan zamba a titin Milverton a Ikoyi, akwai kuma EFCC, ana kai musu takardar koke. In mako biyu ya wuce bankinka bai warware ƙorafin ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. Ka canza duk lambobin sirrinka, ka kuma sanar da 'yan'uwa kada su amsa saƙon neman kuɗi da sunanka.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kullum kuɗi ke dawowa ba. Waɗanda na ga sun samu wani abu, masu kai ƙara a ranar ne.

Bayan kwana biyu ko mako, ka sa ran wani kiran. Wannan karon zai ce shi jami'i ne ko lauya, an kama waɗanda suka cuce ka, kuɗinka yana nan, sai dai ka biya na buɗe fayil ko na man mota. Zai faɗi adadin da ka rasa daidai, saboda su ne dai suka dawo, ko sun sayar da lambarka ga wasu. Ka rubuta lambar da ya kira da ita, ka kashe, ka kai wa jami'in da ke riƙe da ƙorafinka ya ƙara a cikin fayil.